AMSOSHIN WASIƘUNKU: Awa Nawa Jirgin Alhazai Yake Yi Daga Sakkwato Zuwa Jidda?

 Kamar yadda muka saba, abin da muka karanta a rediyo shi muke bugawa a nan, domin wanda aikin gona ko cin kasuwa ya hana shi ji, ya samu ya karanta, ko a karanta masa.

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga Tungar Daji, can yammacin Jihar Zamfara, wajen ƙasar Anka da Bukkuyum da Gummi. Mai wasiƙar manomi ne, yana kuma taɓa fataucin wake da gero, ya roƙe mu mu sakaya sunansa. Ya ce ya daɗe yana tari, bana ya sayar da bijimansa ya cika kuɗin kujera biyu, tasa da ta mahaifiyarsa. Tsohuwar tana fama da ciwon ƙafa da hawan jini, ba ta iya dogon zama, ba ta kuma taɓa ganin jirgin sama kusa ba. Da ya tambayi alhazan garinsu tsawon tafiyar, wani ya ce awa biyar, wani ya ce bakwai, wani ya ce shi kwana uku ya yi kafin ya ga Jidda. Wata Hajiya kuma ta ce ita a dawowa awa uku kacal suka yi. Gardama ta kaure a majalisa har aka fara ƙaryata juna. Shi ne yake so mu faɗa masa nisan wurin, da awoyin da za a yi a sama, don ya san ko tsohuwa za ta iya.

To Malam, mun gode da wannan wasiƙa, Allah Ya saka maka da alheri bisa wannan niyya da ka yi wa mahaifiya. Ka fara da gaya wa mutanen majalisarku su bar ƙaryata juna, domin duk huɗun nan babu wanda ya yi ƙarya. Kowa da inda ya fara ƙirga tasa tafiyar, da agogon da ya duba, da shekarar da ya je. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

NISAN WURIN

Shekara da shekaru maniyyatan Zamfara sun riƙa tashi daga filin jirgin sama na Sultan Abubakar na Uku da ke Sakkwato, tun Zamfara tana cikin Jihar Sakkwato, har bayan da aka ba ta jiharta a 1996. A 2024 ne aka ƙaddamar da aikin ginin babban filin jirgin sama na Gusau. Amma tun da alhazan da ka tambaya ta Sakkwato suka bi, da ita za mu yi lissafi.

Daga filin jirgin Sakkwato zuwa filin jirgin Sarki Abdul'aziz na Jidda, in aka ja igiya miƙe sambal babu kwana, kimanin kilomita 3,700 ne, wato wajen mil 2,300. In Madina aka nufa, akwai ɗan ƙari, kimanin kilomita 3,850. Mutanen Kano sun ɗan fi ku kusa, tun da suna gabas da ku. Nasu kimanin kilomita 3,400 ne zuwa Jidda.

Wannan lamba ba za ta shiga kai ba sai mun auna ta da hanyar da ka sani. Gusau zuwa Sakkwato a mota wajen kilomita 200 ne. To ka ɗauka ka yi wannan tafiya sau goma sha takwas a jere, har da ɗoriya. Wannan shi ne nisan Jidda. Babbar mota mai tafiyar kilomita 60 a awa, in da akwai titi miƙaƙƙe, direba bai tsaya shan mai ko sallah ko barci ba, sai ta haura awa sittin, wato kwana biyu da rabi. Ayarin raƙuma mai cin kilomita 30 a yini kuwa sai ya yi wata huɗu.

Miƙaƙƙiyar hanyar nan tana bi ta samaniyar Jamhuriyar Nijar, ta shiga Chadi, ta ratsa Sudan, sannan ta tsallake Bahar Maliya. Da an tsallake ruwan an zo, domin Jidda a bakin tekun take.

MAI AWA BIYAR

Manyan jiragen da ke jigilar alhazai, irin su Boeing 747 da Airbus A330, in sun gama hawa sun daidaita, suna gudun kilomita 850 zuwa 900 a awa guda. Suna kuma tafiya ne a sama da nisan kilomita goma zuwa sha biyu daga ƙasa, inda iska ba ta da kauri, jirgi ya fi gudu, ya kuma fi tsimin mai. Sanyin waje a can ya wuce na ƙanƙara nesa ba kusa ba, amma cikin jirgi a rufe yake ruf, an daidaita iskarsa da ɗuminsa.

In ka raba kilomita 3,700 da gudun 870, za ka samu awa huɗu da kwata. Sai dai jirgi ba ya fara wannan gudu tun daga ƙasa. Sai ya gangara a hankali zuwa bakin titinsa, ya jira izni daga hasumiya, ya tashi, ya yi ta hawa na wajen minti ashirin ko fiye. Haka in ya kusa isa, tun da sauran nisa zai fara rage gudu yana saukowa, wani lokaci ma a ce ya yi ta shawagi sai wanda ke gabansa ya sauka, domin lokacin aikin Hajji jiragen duniya ne ke tururuwa a Jidda da Madina. In ka haɗa duka, ka samu awa huɗu da rabi zuwa biyar. Ka ji inda Alhaji mai awa biyar ya samo tasa. Shi ya bi miƙaƙƙiyar hanya, ya kuma yi ƙirga da agogon hannunsa tun daga tashi har sauka.

Iska ma tana da nata. Mai kwalekwale a gulbin Zamfara ya san bin ruwa ya fi gaba da ruwa sauri. Haka jirgi yake da iskar can sama. Da sanyi, iskar sama ta wannan yanki takan taso daga yamma ta yi gabas, sai ta tura mai zuwa Makka, ta riƙe mai dawowa. Da damina kuwa takan juya ta taso daga gabas, sai mai dawowa gida ya fi jin daɗi. Shi ya sa jirgi ɗaya, matuƙi ɗaya, hanya ɗaya, amma zuwa da dawowa su bambanta da 'yan mintoci, har wani lokaci rabin awa.

MAI AWA BAKWAI DA HAJIYA MAI AWA UKU

Nan abu biyu ne. Na farko agogo. Ƙasar Saudiyya tana gaban Najeriya da awa biyu, saboda tana gabas da mu, rana tana riga fito musu. Wannan ba baƙon abu ba ne gare ka. Ka tuna da watan azumi, mutanen Maiduguri sukan riga na Sakkwato shan ruwa da wajen rabin awa, alhali ƙasa ɗaya ce. To Jidda ta ninka nisan Maiduguri sau huɗu da wani abu ta wajen gabas.

Ga misali. Jirgi ya tashi daga Sakkwato ƙarfe 10 na dare, ya yi awa biyar a sama. Agogon hannunka zai nuna ƙarfe 3 na dare, amma agogon bango na filin jirgin Jidda zai nuna ƙarfe 5 na asuba. Wanda ya dubi na bango ya ƙirga daga goma zuwa biyar, sai ya ce bakwai. A dawowa kuma abin ya juye. Jirgi ya bar Jidda ƙarfe 10 na safe a agogonsu, ya yi awa biyar ɗinsa, ya sauka Sakkwato ƙarfe 1 na rana a agogonmu. Hajiya ta ƙirga daga goma zuwa ɗaya, ta samu uku. Zaman da ta yi a kujera dai awa biyar ne. Awa biyun da agogo ya ara a zuwa, su ya biya a dawowa.

Abu na biyu kuwa, mai yiwuwa ne Alhajin nan ya yi awa bakwai ɗin cur a sama, in a 2023 ya je. A watan Afrilu na wannan shekara yaƙi ya ɓarke a Sudan tsakanin sojojin gwamnati da dakarun RSF, aka rufe samaniyar ƙasar, saura 'yan makonni a fara jigilar alhazai. Jirgi ba ya ratsa samaniyar wata ƙasa sai da izninta, kamar yadda ba ka ratsa gonar wani da shanu sai ya yarda. Sudan kuwa ƙasa ce mai faɗi, tana kwance daidai tsakiyar hanyarmu. Dole jirage suka riƙa kewayawa, tafiya ta ƙaru da awa biyu ko fiye, mai ya ƙaru, har kamfanonin jigila suka nemi ƙarin dala 250 a kan kowace kujera. Ka ga yaƙin da ake yi a Khartum ya taɓa aljihun manomin Bukkuyum. Duk shekarar da hanyar Sudan take a rufe, ka sa wa ranka awa shida zuwa bakwai. Jami'an Hukumar Jin Daɗin Alhazai na ƙaramar hukumarku za su iya gaya maka hanyar da za a bi a shekarar da za ku tafi. Ka tambaye su a wajen bita.

MAI KWANA UKU

Wannan Alhaji shi ya fi ba ka amsar da za ta amfane ka, Malam, domin shi daga ƙofar gidansa ya fara ƙirga. Ka lissafa da kanka. Fitowa daga ƙauye zuwa hedkwatar ƙaramar hukuma. Daga nan a kwashe ku zuwa sansanin alhazai. A can a tantance fasfo da biza da katin rigakafi, a raba guzuri, a auna kaya. Sannan a jira jirgi. Jirgin nan sawu-sawu yake yi, sai ya kai wasu ya dawo kafin ya ɗauke ku. In ya makara a Jidda, ku ma kun makara a Sakkwato. Jirgi mai ɗaukar mutum ɗari huɗu ko ɗari biyar kuma, shigar da mutanen kaɗai aiki ne na awa guda ko fiye.

In kun sauka ma da saura. Akwai layin jami'an shige da fice, da jiran kaya, da shiga mota. Daga Jidda zuwa Makka bai kai kilomita 100 ba. Amma a 'yan shekarun nan galibin alhazan Najeriya Madina ake fara kai su, su yi ziyara, sannan a ɗauke su a mota zuwa Makka, tafiyar kilomita 450 ko kusa da haka. Wannan zaman motar yakan kai na jirgin tsawo, har ya fi. Saboda haka awoyin da za a yi a sama su ne mafi ƙanƙanta a cikin wahalar tafiyar. Jira shi ne babba, shi za ka yi wa tsohuwa tanadi.

JINKIRI BA DUKA NE SHARRI BA

Mun san yadda rai ke ɓaci a sansani in an ce jirgi bai zo ba, ko ya zo amma ana duba shi. Wani jinkirin sakacin mutane ne, wannan kam a yi magana a kai. Amma wani jinkirin rahama ne. In hazo ya yi kauri matuƙi ba ya ganin titi, ko hadari ya haɗu, ko injiniya ya ce bai gamsu da wani abu ba, haƙuri ya fi.

Dattawan ƙasar Sakkwato ba su manta da ranar 11 ga Yuli, 1991 ba. A ranar ce wani jirgi ƙirar DC-8 da kamfanin Nigeria Airways ya yi haya daga wani kamfanin ƙasar Kanada ya tashi daga Jidda da alhazai masu komawa Sakkwato. Tayoyinsa suka fashe yana cikin gudun tashi, wuta ta kama, matuƙi ya juyo don ya sauka amma bai kai ba. Mutum 261 da ke ciki duka suka rasu. Allah Ya jiƙansu, Ya karɓi aikinsu. Bincike ya nuna tayoyin ba su da isasshiyar iska, an kuma san da haka, amma aka bar jirgin ya tashi don kada a makara. Hausawa suka ce sauri ya haifi nawa.

Ba mun kawo wannan don mu tsorata ka ba ne. A 2023 kujera 95,000 aka ba Najeriya. In ka raba da ɗari biyar, ka ga sawu kusan ɗari biyu ke nan a zuwa, kusan ɗari biyu a dawowa, aka kuma kai su aka dawo da su. Mun kawo shi ne don in ka ji an ce ana gyara ko ana dubawa, kada ka shiga cikin masu hayaniya a tashi dole.

YADDA KAKANNI SUKA YI TA

In tsohuwa ta ji awa biyar ko bakwai ta ce da yawa, ka tuna mata da mutanen da. Su a ƙasa suke bi, ta Borno, su shiga Wadai, su ratsa Darfur, su kai kogin Nilu, sannan su isa Sawakin a bakin Bahar Maliya su shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Mutum yakan tsaya a hanya ya yi noma ko ƙodago ya sami guzuri, sannan ya ci gaba. Wani shekara biyu, wani bakwai, wani bai dawo ba sam. Shi ya sa a da mai tafiya Makka yakan raba gado ya yi sallama irin ta mutuwa. Har yau akwai Hausawa da Fulani masu ɗimbin yawa a Sudan, jikokin waɗannan matafiya. Akwai ma gari a bakin Shuɗin Nilu mai suna Mai Wurno, sunan ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, wanda ya ja jama'a suka yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903.

Jirgin sama kansa da rarrafe ya fara. Jiragen farko da suka sauka a Najeriya guda uku ne na sojan Ingila, sun sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba, 1925. Daga Masar suka taso, sai da suka kwana a hanya suna sauka suna shan mai, kusan mako guda, a tafiyar da jirgin yau yake yi tsakanin hantsi da la'asar.

Don ka ƙara gane matsayin tafiyarku a cikin tafiye-tafiyen duniya: Kano zuwa Legas awa ɗaya da rabi ne. Legas zuwa Landan kimanin kilomita 5,000, awa shida da rabi. Akwai kuma jirgin da yake tashi daga Singafo bai sauka ba sai birnin New York na Amurka, fiye da kilomita 15,000, awa goma sha takwas ko fiye. Taku matsakaiciya ce.

ABIN DA ZA KA YI WA TSOHUWA

Da farko ka kai ta asibiti tun yanzu likita ya duba ta, ka gaya masa za ta zauna awa biyar zuwa bakwai wuri guda, bayan jiran sansani. Shi zai faɗi ko za ta iya, da maganin da za ta riƙe. Maganin nan a jakar hannu za a sa shi, tare da takardar likita, kada ya shiga babbar jaka, domin ita ba za ku sake ganinta ba sai an sauka.

Ka gaya wa jami'ai tun a sansani cewa tana da ciwon ƙafa. A filayen jirgi akwai keken tura marasa ƙarfi, ana kuma taimaka musu wajen hawa da sauka. A cikin jirgi ka roƙa mata kujerar gefen hanya. In an kashe alamar ɗaura bel, ta riƙa miƙewa tana ɗan takawa, in tana zaune kuma ta riƙa motsa tafin ƙafa, don dogon zama yana sa jini ya taru a ƙafafu. Akwai ban-ɗaki a cikin jirgi, gaba da baya. Tsofaffi da yawa sukan ƙi shan ruwa don kunyar tashi, wannan kuskure ne, iskar jirgi busasshiya ce. Ta sha ruwa, in ta matsu ta yi wa ma'aikaciyar jirgi magana ta nuna mata. Wajen tashi da sauka kunne yakan toshe. Haɗiyar yawu ko hamma tana buɗe shi. In jirgi ya shiga gajimare ya yi girgiza kamar mota a kan gargada, wannan abu ne da aka saba, a ɗaura bel a zauna.

Ku yi alwala kafin ku shiga, don ba a son zubar da ruwa a daɓen jirgi. Ka kuma tuna in tafiyar dare ce, gabas kuka nufa, alfijir zai riske ku da wuri fiye da yadda agogon gida ya nuna. Da kun sauka ka tura agogonka gaba da awa biyu, amma ka lura da tazarar shan maganin tsohuwa kada canjin agogo ya rikita ta. Batun harami kuwa, in Madina za a fara, sai za ku fito Makka za ku ɗaura a Zul Hulaifa. In Jidda za a sauka a wuce Makka, ka tambayi malaman bita tun a gida yadda za ku yi da miƙati, da hukuncin sallar matafiyi, don wannan fanninsu ne.

To Malam, ga amsarka a dunƙule: kilomita 3,700, awa biyar in hanya a buɗe take, shida zuwa bakwai in an kewaye Sudan, agogon can kuma yana gaban namu da awa biyu. Amma guzurin haƙuri da abinci da magani, na kwana biyu ko uku za ka yi. Ka gai da mutanen Tungar Daji, ka gai da Alhazan majalisa da Hajiya, ka ce mun ce kowa ya yi gaskiya. Allah Ya ba tsohuwa lafiya, Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya, Ya sa a yi karɓaɓɓiya. In kun je ku sa mu a addu'a.

Jama'a, nan za mu dakata. Mai tambaya ya aiko da wasiƙarsa, ya rubuta sunan garinsu sosai yadda za mu iya karantawa. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.